Furotin ɗin Ɓera da Na Saya Bai Kashe Ƙwayoyin Kansa Ba, Jiƙon Ganye Kuwa Ya Kashe: Jabu Aka Sayar Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, ina bincike kan yadda ƙwayoyin kansar mama ke mutuwa. Na sayo furotin ɗin ɓera guda biyu daga waje, FasL da caspase-3, masu hannu a tsarin mutuwar ƙwaya, maikirogiram 10 kowanne, don in gwada su a kan ƙwayoyin 4T1, wato ƙwayoyin kansar mama na ɓera. Da suka iso ban ga komai a cikin kwalaben ba. Na zuba mililita ɗaya na PBS, ruwan gishirin ɗakin gwaji, a kowace kwalba, na sa a firiza, kullum ina narkarwa in ɗiba in mayar. Bayan awa 24 gwajin MTT, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke raye ta hanyar launi, bai nuna mutuwa ba ko kaɗan, amma jiƙon ganyen da nake gwadawa ya kashe kusan dukkan ƙwayoyin. Abokan aiki sun ce jabu aka sayar mini, wasu kuma sun ce ganyena ya fi ƙarfin furotin ɗin Turawa. Gwaggona tana fama da kansar mama, har an fara cewa in ba ta jiƙon. Kuɗi sun ƙare, hankalina ya tashi. Me ya faru?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki game da furotin ɗin, domin babu wani abu a bayaninki da ke nuna jabu ne. Maganar gwaggo ita ce mai nauyi, zan zo kanta. Amma tun yanzu: kada a ba ta jiƙon nan.

Kwalbar da kika gani wayam, haka ya kamata ta kasance. Maikirogiram 10 na busasshen furotin ido ba ya ganinsa, ɗan shafe ne a gindin kwalba ko a jikin murfi. Shi ya sa ake juya kwalbar a santirifuj, injin da ke juyawa da gudu ya tara komai a gindi, na daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Wanda ya buɗe ba tare da haka ba, wani kaso ya tafi da murfin. Mililita ɗaya kuma ya yi yawa. Ya ba ki maikirogiram 10 a kowane mililita, kuma a wannan tsinkewar furotin yana manne wa jikin roba da bakin fifet, sai abin da ke cikin ruwan ya ragu ba ki sani ba. Maikirolita 100 ake zubawa a samu maikirogiram 100 a mililita, a ruwan da takardar kamfanin ta ambata, sannan a sa BSA, furotin ɗin jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari don shi ya manne wa robar a madadin furotin ɗinki. Ba a girgiza shi da injin girgiza, domin kumfa na ɓata siffarsa. A bar shi minti 15 ya narke, a rarraba maikirolita 5 ko 10 a ƙananan tubuna, a daskarar, duk tubun da aka narkar ba ya komawa firiza. Naki kuwa narkewa da daskarewa yake kullum, ga kuma ɗaukewar wuta da ke yi masa haka cikin dare ba mai gani. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora sulalla a kai, ki ajiye kusa da kayanki. Ranar da kika ga sulallan ya nutse, kin san firizar ta narke.

Ko da kin adana su daidai, caspase-3 ba zai kashe komai ba ta hanyar da kika bi. Aikinsa a cikin ƙwaya yake, kuma ba ya ratsa fatar ƙwaya. Haka sauran furotin masu aiki a cikin ƙwaya, irin su Bax da Bid da Bcl-2. Zuba su a ruwan reno asarar kuɗi ce. Caspase-3 na kwalba ana sayensa ne don gwaji a tubu: a haɗa shi da Ac-DEVD-pNA, sinadarin da ke ba da launi idan ya yanka shi, a ruwan da ke da sinadarin DTT, a karanta launin rawaya a nanomita 405, ya zama ma'aunin da za ki kwatanta ruwan fasassun ƙwayoyinki da shi. Ki kuma duba takardarsa, ko mai aiki ne ko wanda ba a yanka ba tukuna, domin na biyun sai an kunna shi.

FasL shi ne ke aiki daga waje, amma yana da sharaɗi. A jiki, yana zaune ne a fatar ƙwayoyin garkuwa, cunkushe, yana tara risefta Fas, wato makarɓar saƙonsa da ke fatar ƙwayar da za a kashe, da yawa wuri guda, sannan furotin FADD da caspase-8 su taru a cikin ƙwayar su kunna mutuwa. Wanda ke yawo a ruwa uku-uku ba ya iya wannan tarawa. Masu bincike a Lozan ta ƙasar Suwizalan sun nuna a 1998 cewa ƙarfinsa na kisa ya gaza na mai zama a fata da kusan ninki dubu. Don haka kamfanoni ke liƙa masa alamar His ko FLAG, sai ki haɗa shi da antibodin wannan alamar, wato furotin ɗin garkuwa mai kama ta, na minti 15 zuwa 30 kafin ki zuba, antibodin ya ɗaure su dunƙule-dunƙule. Ba ki ambaci antibodi ba, kuma a nan na fi zargin matsalar take. Bayan haka, ƙwayoyin kansa da yawa ba su da isasshen Fas a fatarsu, ko suna cike da cFLIP mai toshe caspase-8. Kafin ki yanke wa furotin hukunci, ki gwada shi a kan ƙwayar da aka san tana mutuwa da shi: A20 ta ɓera ko Jurkat ta mutum. Idan babu su, ƙwayoyin taimus na ɗan ɓera mai mako huɗu zuwa shida suna da Fas sosai, kuma sun fi mutuwa in an haɗa da cycloheximide, sinadarin da ke hana ƙwaya ƙera furotin. Ki fara daga nanogiram 1000 a mililita, ki riƙa rage kashi uku-uku zuwa ƙasa, ki bar rami mai antibodi kaɗai, da rami mai staurosporine, sinadarin da aka san yana kashe ƙwaya, maikiromola 1 na awa huɗu zuwa shida don ki tabbata gwajinki na iya ganin mutuwa. Ramin faranti mai maikirolita 100 a kan nanogiram 100 a mililita yana cin nanogiram 10 ne kacal, wato kwalba ɗaya da aka kula da ita ta isa rami dubu.

Idan za ki koma TNF ko TRAIL, 'yan uwan FasL masu aiki daga waje, ki kula da jinsi. TNF na mutum yana kama risefta ta ɗaya a ɓera, ba ya kama ta biyu. Ɓera na da riseftar kisa ta TRAIL guda ɗaya, mutum na da biyu, DR4 da DR5. TNF shi kaɗai kuma yawanci raya ƙwaya yake ta hanyar NF-κB, sai an haɗa da cycloheximide ko actinomycin D yake kisa. Furotin da aka sarrafa a bakteriyar E. coli na iya ɗauke da endotoksin, gubar bakteriya da ke tayar da ƙwayoyin garkuwa irin RAW 264.7. Ki tafasa wani kaso na minti 30: furotin ya lalace, endotoksin kuwa yana nan, duk tasirin da ya saura ba na furotin ba ne.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, domin kuskure ne da ya cika ɗakunan gwaje-gwajenmu, yana fita waje yana cin rayuka. Wai abu ya kashe ƙwayoyin kansa a faranti, saboda haka maganin kansa ne. Malama, sabulun wanki ma yana kashe su. Gishiri mai yawa yana kashe su. Barasar da kika jiƙa ganyen da ita, in ta rage a ciki, tana kashe su. DMSO, ruwan da ake narkar da sinadarai a ciki, in ya haura kashi ɗaya cikin ɗari yana cutar da su. Jiƙon da ya sauya tsamin ruwan reno, har jan launinsa ya koma rawaya, yana kashe su. Kashe ƙwaya a faranti shi ne abu mafi sauƙi a wannan fage. Abin tambaya shi ne ta wace hanya ta mutu, a kan wane awo, kuma lafiyayyar ƙwaya ta tsira a kan wannan awon? Jiƙon da sai an kai ɗaruruwan maikirogiram a mililita yake kisa, jinin mutum ba zai taɓa kai wannan awon ba ta hanyar sha, sai dai hanta da ƙoda su riga kansar lalacewa.

Shi kansa MTT ba mutuwa yake aunawa ba. Yana auna kuzarin ƙwaya wajen mayar da rawayan sinadari zuwa shuɗi-shuɗi. Ƙwayar da ta daina rarrabuwa, da wadda ta fashe, da wadda ta bi tsarin apoptosis, wato tsararriyar mutuwar da ƙwaya ke yi da kanta, duk za su ba ki raguwar launi iri ɗaya. Jiƙon ganye kuma yana da nasa launin, wasu sinadaransa suna juya MTT da kansu ba tare da ƙwaya ba, don haka dole a bar rami mai jiƙo babu ƙwaya. Amma a kan wannan gwaji ɗaya tak ake rubuta kundin digiri a ce ganye kaza yana jawo apoptosis. Daga nan mai tallar magani ya ɗauki maganar, ya hau mota da lasifika ko ya sayi fili a rediyo, yana cewa jami'a ta tabbatar. Har ya ɗaga lambar NAFDAC, alhali lambar da hukumar ke bai wa magungunan gargajiya ba shaidar suna warkarwa ba ce, a jikin kwalbar ma ana rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ta shafe wata shida tana shan jiƙo, ta iso asibiti ciwon ya kai hammata da ƙashi. Ɗalibin da ya rubuta abin da gwajinsa bai nuna ba yana da hannu a wannan, ko bai yi nufi ba. Malamin da ya sa hannu a kundin ya fi shi alhaki.

Ki dubi tarihin su kansu furotin ɗin da kika saya, waɗanda jiki ne ya ƙera su don wannan aiki. An gano TNF a 1975 a ɗakin binciken Lloyd Old a birnin New York, saboda yana narkar da ƙari a jikin ɓeraye. Da aka fara ba mutane ta jijiya a shekarun 1980, hawan jininsu ya riƙa faɗuwa warwas tun kafin a kai awon da ke taɓa ƙarin. Yau ana amfani da shi ne a hannu ko ƙafar da aka raba jininta da sauran jiki a ɗakin tiyata, tare da maganin kansa melphalan. A 1993 ɗakin binciken Shigekazu Nagata a Osaka ta Japan ya yi wa ɓeraye allurar antibodin da ke kunna Fas, suka mutu cikin awoyi, hantarsu ta ruguje. TRAIL, da aka gano a 1995, ya kashe ƙwayoyin kansa a faranti ya bar lafiyayyu, duniya ta sa rai. Da aka kai shi ga marasa lafiya da sunan dulanermin, bai cutar sosai ba, amma bai yi abin da aka zata ba, rabinsa na ɓacewa daga jini cikin rabin awa zuwa awa guda. Wanda ya yi nasara, venetoclax mai toshe Bcl-2, an gano ƙwayar gadon Bcl-2 ɗin a 1984, an fahimci aikinta a 1988 a Melbourne ta Ostareliya, maganin bai samu izini a Amurka ba sai 2016. Shi ma an rasa rayuka a gwajin farko saboda ƙwayoyin kansa sun mutu da yawa lokaci guda suka gurɓata jini, shi ya sa ake farawa da miligiram 20 a hau a hankali zuwa 400 cikin mako biyar. Shekara talatin da biyu ke nan, da dubban masana. Farantinki na awa 24 ba zai tsallake wannan hanya ba. Kuma wannan gargaɗi ya haɗa da kwalaben da ke firizarki: rubutun da ke jikinsu cewa don bincike ne kawai gaskiya ne, ba a tsarkake su don jikin mutum ba, duk wanda ya yi tayin yi wa mara lafiya allurarsu mai kisa ne.

Gwaggo a kai ta asibitin koyarwa mafi kusa, a ɗauki tsokar ƙarin a duba, a auna riseftocin ER da PR da HER2, domin su ke nuna maganin da zai yi mata aiki. Idan ta riga ta fara magani, jiƙon na iya cutar da hantar da ke sarrafa shi. Ke ce mai ilimin a gidan, ki faɗa musu wannan ƙarara, Allah Ya ba ta lafiya.

Ganyenki kuma ban ce ki zubar ba, magungunan kansa vincristine da paclitaxel daga tsirrai suka fito. Ki gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi irin NIH 3T3 gefe da gefe da 4T1, ki fitar da awon da ke kashe rabi a kowanne. Ki yi gwajin annexin V da PI, mai bambanta apoptosis da fashewa, a awa 3, 6, 12 da 24, ki tattara har ƙwayoyin da suka taso suna yawo a ruwan reno, domin su ne matattun, masu zubar da su suna zubar da sakamakonsu. Ruwan annexin sai da kalsiyam milimola 2.5, ragowar EDTA daga tirifsin na hana shi kamawa, don haka ki wanke sau biyu. A Western blot, gwajin da ke raba furotin bisa nauyi, ki nemi yankakken caspase-3 a kilodalton 17 da 19, da PARP da ya sauko daga 116 zuwa 89. Sannan ki sa zVAD-fmk, mai toshe caspase, maikiromola 20 awa guda kafin jiƙon. Idan ya hana mutuwar, caspase na ciki. Idan bai hana ba, ki gwada necrostatin-1, mai toshe wata hanyar mutuwar daban, idan shi ma bai hana ba kuma ƙwayoyin sun sha PI tun awa ta farko, fashewa ce kawai, haka za ki rubuta a kundin. Ragowar FasL ɗinki kuwa, ki rarraba shi yau da BSA, ki nemo antibodin alamarsa, ki gwada a kan ƙwayoyin taimus kafin ki sake kashe ko kwabo.