Wayar girke za ta ɗauki wasan PlayStation ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gidanmu nan Garwa akwai tsohon layin wayar girke, da modem ɗin da mahaifinmu yake shiga intanet da shi a da, mai kukan nan kafin ya haɗu. Ina da PS4, data kuma tana cin kuɗi. Zan iya jona su in riƙa buga ƙwallo da abokina da ke Njamena?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Da PS4 kam ba zai yiwu ba. Ba ta da ramin wayar tarho, Wi-Fi kawai ta sani da igiyar Ethernet. Ko ka yi dabara ka biyo ta kwamfuta, sai kuma an samu kamfanin da zai ɗaga kiran modem ɗin a can, irin wannan hidima kuwa ta kusa ƙarewa a duniya.

Amma tambayarka ba shirme ba ce, domin an yi hakan. Na'urar wasa ta Dreamcast ta kamfanin Sega, wadda ta fito a Japan a 1998, da modem ɗinta take zuwa a jiki: kilobit 56 a daƙiƙa a Amurka, 33.6 a Japan da Turai. Da shi aka buga Phantasy Star Online tun ƙarshen 2000, mutum huɗu a tawaga. Abin jonawa da Sony ta fitar wa PS2 a Amurka a 2002 ma yana da ramin tarho. Microsoft ce ta toshe wannan hanya, da ta buɗe Xbox Live, hidimarta ta wasa ta intanet, a Nuwamban 2002 ta ce sai mai intanet mai ƙarfi.

Abin da ya sa siririn layi ya wadatar a lokacin shi ne, wasan ba hoto yake turawa ba. Hoton na'urarka ce ke zana shi. Abin da ke bin layi ɗan saƙo ne: wane ya juya hagu, wane ya buga. Har yau haka ne, shi ya sa awa guda ta ƙwallo ba ta kai awa guda ta bidiyo a YouTube cin data ba. Abin da ke cinye maka data sauke sabuntawar wasa ne. A kilobit 56, gigabait ɗaya tak sai ya kwashe kusan awa 40, wasannin yanzu kuwa sukan nemi gigabait da dama kafin su bar ka ka shiga fili.

Babbar matsalar ita ce jinkiri, abin da 'yan wasa ke kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Modem na mayar da bayanai sauti, na can ya sake mayar da su bayanai, wannan kaɗai kan kai ping milisakan 150 zuwa 200. Sai a ɗora nisa. Njamena kusa take a taswira, amma idan sabar wasan, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana Turai, saƙonka sai ya gangara kudu, ya shiga igiyar teku irin SAT-3 a Duwala ko WACS a Limbe, ya je ya komo. Kana danna bugu, an riga an ƙwace ƙwallon.

Shawarata, ka leƙa ofishin Camtel, kamfanin sadarwa na Kamaru, ka tambaya ko layin gidan zai ɗauki ADSL, wato intanet mai sauri ta layin tarho, ko fiba ta iso unguwarku, domin waya ɗaya ce ke ɗaukar ADSL da sauri ninkin-ba-ninkin. In babu, ka nemi akwatin 4G, ka ajiye shi bakin taga, ka jona PS4 da igiya maimakon Wi-Fi. Ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, ka riƙa yin ta da dare in kamfaninka na da garaɓasar dare. Kada ka manta FC, magajin wasan ƙwallo na FIFA, sai an biya kuɗin PlayStation Plus, wato rajistar Sony ta wasa ta intanet, ake buga shi da wani ta intanet, ku biyun duka.