Yayana ya haƙiƙance maƙwabci na zuba masa guba, yana son sayar da gida

Malam, na karanta wasiƙarka daga Garwa ta ƙasar Kamaru, inda ka ce yayanka ya daina shan ruwan randar gidansa, ya toshe tagogi da tsumma, yana tsayawa a ƙofar masallaci yana kiran maƙwabcinsa maye, yanzu kuma yana neman karyar da gidan ya ƙaura.

Yayanka ba ƙarya yake shirgawa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan ruɗin tunani: mutum ya yi imani da abin da babu shi, hujja kuma ba ta girgiza shi, ko da ka sha ruwan randar a gabansa, cewa zai yi da kai aka haɗa baki. Yakan zo daga taɓin hankali, ko shan taramol da wiwi, ko ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alƙali ba ya ɗaukar maganar dangi kaɗai, don haka takardar likita ce farkon komai. Ku lallaɓa shi zuwa asibiti, ko da sunan rashin barcin da ke damunsa ne, kuma kada ku sa masa mari a ƙafa, domin wannan zai iya jawo muku shari'a.

Game da gidan, sashe na 489 da na 490 na dokar farar hula ta Kamaru sun ba dangi ko matarsa damar neman babbar kotun Tribunal de Grande Instance ta hana shi juya dukiyarsa, a naɗa masa waliyyi, ko da yakan warware wasu ranaku. Bayan hukunci, duk cinikin da ya ƙulla ɓatacce ne a ƙarƙashin sashe na 502. Cinikin da ya riga hukunci kuwa, sashe na 503 ya ce ana iya rushe shi idan ciwon sananne ne lokacin da aka ƙulla, amma a ganina kwance ciniki ya fi hana shi wuya nesa ba kusa ba. Idan gidan yana da takardar mallaka, dokar filaye ta 1974 ba ta yarda da ciniki sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, saboda haka ku aika wa noter da mai neman sayen wasiƙa ta hannun mai isar da takardun kotu.

Maƙwabcin yana iya kai ƙarar ɓata suna bisa sashe na 305 na dokar manyan laifuka ta 2016. Sashe na 78 yana ɗauke hukunci daga wanda ciwo ya gushe masa da hankali gaba ɗaya, idan kuwa da saura, sassauci kawai ake yi. Ka ɗauki mai unguwa ku je ku ba maƙwabcin haƙuri tun a wannan makon, kafin magana ta kai ofishin jandarma.