Kafin Ka Sa Wa Wandon Jins Almakashi

Ka tambaye ni abu biyu, ɗana: me ya sa allura ke karye maka duk lokacin da ka zo rage tsawon wandon jins, kuma me ya sa wani ke dawowa bayan mako guda yana cewa wandon ya ɗage. Bari in fara da ta biyun, don ita ce ke kore wa tela kwastoma.

Jins auduga ne, kuma auduga tana tsukewa idan ta sha ruwa karon farko. Wanda aka riga aka wanke a masana'anta kaɗan yake ja, amma ɗanye, mai tauri kamar kwali, yakan ci inci biyu ko fiye a tsawo. Saboda haka duk wanda ya kawo maka sabo daga kasuwar Gusau da takardarsa a jiki, ka ce ya je ya wanke, ya bushe, sannan ya dawo. Ko ya ce sauri yake yi, kada ka yanka. Na gwanjo ba shi da wannan matsala, ya riga ya gama jansa.

In ya dawo, ya sa wandon da bel ɗinsa da takalmin da ya saba sawa, ya tsaya cak. Ka yi alama da alli a ƙafa ɗaya, ka auna ɗayar da ita. Ka bar inci ɗaya ƙasa da alamar sannan ka yanke: rabin inci ninki na farko, rabin inci na biyu.

Yanzu allura. Kana ɗinka jins da lamba 14 da muke sa wa shadda da yadi, ba za ta iya ba. Ka sa 16, in yadin mai nauyi ne 18. Kuma duba wurin da take karyewa: galibi a kan ɗinkin cikin ƙafar wandon ne. Wurin dama ninki huɗu ne, in ka kalmasa sau biyu ya zama goma sha biyu. Ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a wurin allura, tana hawa tudun nan ta karkace, kai kuma ka ja yadin da hannu, allura ta lanƙwashe ta daki ƙarfe. Kafin ka ɗinka, ɗora wurin a kan katako, rufe da tsumma, ka dandaƙe shi da guduma har ya kwanta. In ka iso tudun, tsaya, ka cusa nannaɗaɗɗen ƙyalle a bayan ƙafar keke don ta daidaita, ka daina taka feda, ka juya keken da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Zare mai kauri, ruwan zuma, a sama kawai za ka sa shi. Na ƙasa ya zama na yau da kullum, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Ka buɗe ɗinkin, kamar takwas a inci guda.

Kada ka raina aikin nan. Ƙusoshin jan ƙarfe da kake gani a bakin aljihu ma dabarar tela ce, Jacob Davis, wanda shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi mata rajista a Amurka a 1873.

Idan za ka miƙa wa mai kaya, faɗa masa yadda zai riƙe shi. Shuɗin baba a bayan zare kawai yake zama, cikinsa fari ne, shi ya sa burushi da dirza ke fito da fari. Ya juya wandon ciki waje, ya ja zif, ya wanke shi kaɗai da ruwan sanyi, ya shanya a inuwa. Ƙurar hunturu kakkaɓewa ake yi, ba sai an wanke kullum ba. Mai roba a ciki kuwa ba ya son ruwan zafi ko dutsen guga mai zafi sosai. Robar takan mutu, gwiwa ta yi jaka. Masu kabu-kabu ka ce su kawo shi da zarar tsakanin cinya ya fara sirancewa, ka sa masa faci ta ciki tun bai huje ba.