Tambaya da Amsa: Mun Biya Kuɗin Bidiyo, Waƙa Ba Ta Fito Ba

TAMBAYA: Ɗana, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a wata ikilisiya a Wusasa. Bara muka yi karo-karo, muka ɗauko wani yaro mai kyamara ya ɗauke mu muna waƙa a majami'a bayan sujada. Hoto ya fito tsaf, ankonmu sai sheƙi, amma ba mai jin abin da muke faɗa, sai ƙarar kacau-kacau da wani gurnani. Da muka koma neman kwafi, ya ce kwamfutarsa ta lalace. Bana muna so mu sake, waƙoƙi shida. Ta ina za mu fara, kuma nawa za mu tanada?

AMSA: Mama, ina amsawa, Allah ya ƙara muku ƙarfi. Kada ku ɗora wa yaron laifin duka. Abin da kuka nema ya yi muku, hoto. Ku kuwa waƙa ce da ku, kuma waƙa ba da kyamara ake ɗaukarta ba.

Ga abin da ya faru ranar. Ɗan makirufon da ke jikin kyamara ba ya zaɓe, duk abin da ya fi ƙarfi a ɗaki shi yake kwasa. Majami'unmu galibi rufin kwano ne, bango siminti, daɓe siminti. Murya ta fita ta bugi bango ta dawo, ta haɗu da wadda ke fitowa, kalmomi su cakuɗe. Ga fankoki suna juyawa a sama, ga janareto a bayan taga, wanda shi ne gurnanin nan da kika ji. Kacau-kacau kuma sautinsa siriri ne mai kaifi, yana huda komai. Tulu, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗanku, sautinsa na ƙasa-ƙasa ne, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da irin wannan sauti sai an yi masa aiki. Mutanenmu kuwa a waya suke kallo.

Saboda haka a situdiyonmu ba ma taɓa kyamara sai an gama sauti. Ba kuma dukan zumunta ke shiga ba. Mai ba da waƙa, 'yan amshi shida zuwa takwas waɗanda suka iya riƙe murya, sai makaɗa. Ana sa wa tulu makirufonsa a kusa da baki, a nisanta mai kacau-kacau, a ɗauki mai ba da waƙa ita kaɗai, sannan a ɗauki amshi sau biyu ko uku a jera su, sai a ji kamar majami'a ce cike. Na san a nan rigima take. Wace uwa ce za a ce wa ta zauna a gida? Ku faɗa musu tun farko cewa ranar hoto kowa zai fito, har tsohuwar da sai an riƙo hannunta. Ranar ana kunna waƙar da aka riga aka ɗauka a lasifika, ku bi ta da baki da rawa. Ku rera da gaske, kada ku motsa leɓe kawai, domin jijiyar wuya tana tona asirin wanda bai rera ba.

Kafin ku zo, ku rubuta kalmomin kowace waƙa a takarda, ku kai wa Rabaran ya duba. Sau da yawa mai ba da waƙa takan ɗauko aya da ka, ta haɗa ta da wata, ba wanda ya lura sai faifai ya fita. Akwai kuma bambanci tsakanin tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Likita Miller, ɗan mishan, ya yi wa aiki, da fassarorin da suka biyo baya. Tsofaffi sun haddace waccan, matasa suna karanta waɗannan. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kanta, don rubutun da za mu sa a ƙasan hoto ya dace da abin da baki ke faɗa.

In ba halin zuwa situdiyo, sai a ɗauka a majami'a, to ku zaɓi ranar da ba taro, a kashe fankoki, a ja janareto nesa da doguwar waya, a shimfiɗa tabarmi da darduma, a rataya zannuwa masu kauri a bango. Ku kuma san garinku. Jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan suna shawagi a sararin Zariya da rana, in ɗaya ya taso sai an dakata ya wuce. In aka kira salla a masallacin unguwa, mukan tsaya, mu kashe lasifikarmu har a idar. Maƙwabtaka ce, kuma ko ba don haka ba, kiran zai shiga faifanku.

Batun hoto ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ku fito da sassafe ko bayan la'asar. Rana tsaka tana sa inuwa a idanu, kowa ya haɗe gira kamar an yi masa laifi. Kada a tsayar da ku kuna ba taga baya, fuska za ta yi duhu. Duk zumuntar da ta zo mana sai ta ce a kai ta gindin Dutsen Kufena, ni ma ina son wurin, amma na ga faifai da yawa masu dutse ɗaya. Ga tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew a unguwarku, ginin ƙasa irin na Hausa tun zamanin da mishan ta koma Wusasa wajen 1929. Ku nemi izinin hukumarta. Ga tsakar gida, ga bakin rijiya, ga gona bayan girbi. Waƙar da ke maganar wahalar uwa ta fi zama daidai a inda uwa ke wahalar.

Ki kuma tambayi kowace mace ko ta yarda fuskarta ta hau intanet. Akwai wadda mijinta ba zai so ba, akwai wadda danginta ba su san tana zuwa sujada ba. Abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Kuɗi kuwa, duk wanda ya yanka miki farashi bai tambayi yawan mutane da wurare ba, ki yi hattara da shi. Ki ce ya rarraba miki a rubuce: kwanakin situdiyo, kwanakin fita, mota, man janareto, tace hoto, da abincin ma'aikata. Abincin matanku ku ɗauki nauyinsa da kanku, kun fi mu iyawa. Shawarata, maimakon shida a gurguje, ku ɗauki sautin shidan duka, ku yi hoton biyu ko uku da kyau. Sauran su jira baikon ranar ƙaddamarwa. Kada ku biya gaba ɗaya: kashi ɗaya a fara, kashi ɗaya in kun ji sauti kun yarda, cikon in aiki ya shigo hannu. A takardar a rubuta cewa waƙoƙin da faifan mallakar zumunta ne, kuma za a ba ku asalin aikin, ba wanda aka matse don WhatsApp ba. Ku ajiye shi wuri biyu, ɗaya a ofishin ikilisiya, ɗaya a hannunki. Shafin YouTube ma a buɗe shi da sunan ikilisiya, lambar sirri a hannun mutum biyu, ba a wayar ɗan wani ba.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ɗalibi ne a Samaru, ni ke ɗaukar wa'azi da waya ina sa wa a shafin ikilisiyarmu. Hoton yana rawa da wasu layuka, kuma Facebook yakan kashe sautin in na sa waƙar bishara ta waje a farko. Yaushe kuma YouTube zai fara biyanmu?

AMSA: Ƙanena, layukan nan daga fitilu ne. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayarka kuma ta zo a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, ba su jitu ba. In wayar ta yarda, mai da ita 25 ko 50. Waƙar kuwa tana da mai ita, ko da ta yabon Allah ce, kuma na'urar Facebook tana gane ta cikin daƙiƙoƙi. Roƙi mai jita ko mai piyanon ikilisiyarku ya kaɗa maka wani abu nasa na rabin minti. Ka kuma jawo sautin wa'azi kai tsaye daga mikisa, wato na'urar da ake jona makirufo da lasifikar majami'a a jikinta, ko ka maƙala wa Fasto ƙaramin makirufo a kwala. Batun biya, hanyar da aka fi sani ta samun kuɗin talla ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kada ka yi wa dattawan ikilisiya alkawarin ko sisi daga nan. Ka yanko minti biyu mafi daɗi daga wa'azin ka tura wa mutane, wanda ya ji yana so zai nemi sauran.