Amsa ga mai son zama mai zane mai zaman kanta

Assalamu alaikum, ƙanwata. Na karanta tambayarki, inda kika ce hannunki ya faɗa da zane tun kina ƙarama, kina da aikin albashi a yanzu, kuma kina tunanin ajiye shi ki zama mai zane mai zaman kanta. Kin nemi waɗanda suka riga ki shiga harkar su faɗa miki yadda rayuwar take, ta ina ake farawa, da inda ake samo basirar abin da za a zana. Na daɗe ina cin abinci da wannan sana'a, galibi a zanen littattafan yara da bangon littafi da hotunan da ke raka maƙalu a mujallu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Abu na farko shi ne ki san cewa zanenmu yana da ubangida, wato rubutun wani. Mai zanen da ke yin hoto don a rataye a bango yana bin zuciyarsa ne, mu kuwa edita ke turo mana labari ko maƙala, ya faɗi girman filin da aka bar wa hoto, ya yanka wa'adi, sannan ya jira mu kawo abin da zai sa mai karatu ya tsaya. Idan rubutu ya ce yaro ya shiga ɗaki a tsorace, ke kuma kika zana yaro yana shiga ɗaki a tsorace, to ba ki ƙara komai ba. Amma idan kika nuna inuwarsa ta riga shi shiga, ga kuma kyanwa a ƙarƙashin kujera kusa da fasasshen kofi, kin ba yaron da ke karatu wani labarin da marubuci bai faɗa ba. Wannan ne ake biya. Littafin hoto na yara yakan zama shafi 32, domin maɗaba'a tana buga shafuka takwas ko sha shida a kan babbar takarda ɗaya ta ninke, don haka dole mai zane ya iya raba labari cikin wannan ƙunci, ya san abin da zai ɓoye har sai an juya shafi. Dole kuma fuskar yaron nan ta zama ita ce dai a shafi na 3 da na 29, ko yana kuka ko yana gudu ko an hango shi ta baya. Na ga mutane da yawa masu iya zana fuskar shahararren mutum da fensir har ka rantse hoton kyamara ne, amma suka kasa zana yaro ɗaya sau goma yana abubuwa goma.

Ta nan hanyar farawa take. Edita ba ya tambayar takardar makaranta, kundin ayyukanki yake buɗewa, kuma irin abin da ya gani a ciki shi zai ba ki. Ki zaɓi zane goma sha biyu zuwa ashirin mafiya kyau, ki cire duk wanda kike shakkarsa, domin da mafi rauni a cikinsu za a auna ki. Idan ba a taɓa ba ki aiki ba, ki ba kanki: ki ɗauki tsohuwar tatsuniya wadda ba ta da mai haƙƙi, ki zana mata bango da shafuka huɗu a jere, ko ki ɗauki maƙala a kan abu mai wuyar zanawa, kamar bashi ko kaɗaici, ki nema mata hoto guda. Baje kolin littattafan yara na birnin Bologna a Italiya, wanda aka fara a 1964, yana da nunin masu zane tun 1967, kuma zane biyar ake nema daga duk mai son shiga. Ko ba ki da niyyar turawa, ki gwada haɗa zane biyar da suke tafiya tare, za ki ga inda hannunki yake da saura.

Game da inda za ki baje aikin, akwai Behance, wani shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu, da Instagram, akwai kuma kasuwannin intanet irin su Fiverr, wanda ke cire kashi 20 cikin ɗari na abin da aka biya ki. Ba na hana kowa farawa a can, domin ana koyon magana da mai aiki da cika wa'adi, amma wuri ne da ake tseren karya farashi, kuma bai kamata a daɗe ba. Ayyukan da suka riƙe ni sun zo ne daga editan da ya ji daɗin aiki da ni ya sake dawowa, ko ya ba wani sunana. Norman Rockwell, wani shahararren mai zane Ba'amurke, ya yi bangonsa na farko na mujallar Saturday Evening Post ta Amurka a 1916, ya ci gaba da yi musu har 1963, bango sama da 320. Ba kowa ke samun haka ba, amma a ƙaramin mataki haka sana'ar take tsayuwa: masu aiki kaɗan da suka amince da ke sun fi dubban masu danna alamar so.

Kayan aiki ba zan daɗe a kansu ba. A cikin manhajojin zane, Krita kyauta ce, Procreate da ta fito a 2011 tana aiki a iPad, Photoshop kuwa tana nan tun 1990, kuma har yau akwai masu aiki da tawada da burushi su ɗauki hoton zanen daga baya. Abin da ya wajaba ki sani shi ne launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dushe a takarda, domin allo da haske uku yake haɗa launi, injin buga littafi kuwa da tawada huɗu. Ki yi aiki da ɗigo 300 a kowane inci, ki bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe. Abin da kike sayarwa izinin amfani da zane ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai aiki daga lokacin da ya yi shi, ba sai ya yi rajista ba. Don haka ke mai gida ce da ke ba da haya, sai fa idan kin sa hannu cewa kin sayar. Kafin ki ɗauki fensir, a rubuta a ina za a yi amfani da zanen, a wace ƙasa ko ƙasashe, na tsawon wane lokaci, kuma ko an hana ki ba wani shi a cikin wannan lokacin. Hoton da zai fito sau ɗaya a cikin mujalla da hoton da kamfani zai manna a kwalin kayansa shekara biyar, ko da wahalar zana su ɗaya ce, kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce a mallaka masa haƙƙin gaba ɗaya, sai ya biya daidai da abin da ya ɗauke. Wani kamfanin wallafa ya taɓa ɗaukar zanen bangon da na yi musu ya buga a jakunkuna da littattafan rubutu na talla. Da na tura musu kwafin takardar da ta ce bangon littafi kawai, babu rigima, suka biya ƙari. Layi ɗaya ne ya yi wannan aikin.

A cikin takardar kuma a faɗi kafin alƙalami, sulusi ko rabi, kafin a fara. A faɗi sau nawa za a yi gyara, domin "ɗan canja nan kaɗan" ba shi da ƙarshe idan ba a yi masa iyaka ba. A faɗi abin da za a biya ki idan mai aiki ya fasa bayan kin yi nisa. A littattafan yara wasu masu wallafa suna biya sau ɗaya, wasu kuma suna ba da kuɗin farko tare da kaso daga cinikin kowane kwafi, kuma ya kamata ki tambayi wanne ake nufi. Idan kika yi ƙarfi, akwai wakilai masu nemo wa mai zane aiki, waɗanda sukan ɗauki kimanin rubu'i zuwa kashi 30 cikin ɗari. Suna da amfani ga wanda ba ya iya ciniki, sai dai ba sa ɗaukar wanda kundinsa bai nuna ba.

Rayuwar kanta ba ta da tsari sai wanda kika yi mata. Wani watan aiki uku ne za su faɗo tare, wani watan wayarki ba za ta yi ƙara ba. Kaso mai yawa na ranarki zai tafi a rubuta wasiƙa, tura takardar neman biya, tunatar da wanda ya yi shiru, da lissafin haraji, kuma babu wanda zai ba ki hutun rashin lafiya. Zama kai kaɗai yana da nauyi, haka nan baya da wuyan hannu suna biyan bashin dogon zama, don haka tashi a miƙe jiki yana cikin aikin.

Kin tambayi inda basira take fitowa. A wurina daga kallo take fitowa, kuma kallo abu ne da ake koya. Ina yawo da ƙaramin littafin zane, ina ɗaukar yadda tsoho yake dafa gwiwa kafin ya tashi, yadda yaro yake riƙe kofi da hannu biyu, yadda mutum biyu da suka yi faɗa suke zama a kujera ɗaya kowa ya juya kafaɗa. Waɗannan ba a samun su a hotunan wasu, kuma ranar da edita ya turo labarin uwa da 'yarta da ba sa magana, wannan juya kafaɗar ce take fitowa. Idan aiki ya zo, nakan karanta rubutun har sai na daina ganin kalmomi, sannan in cika takarda da ƙananan zane kamar girman akwatin ashana. Tunanin da ya fara zuwa yawanci shi ne ya zo wa kowa, wanda ake nema yana can wajen na goma ko na sha biyar.

Kwaikwayon magabata kuwa hanyar koyo ce. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, ya kwafi hotunan Hiroshige, wani mai zane na Japan, a 1887, kuma an ga tasirinsu a launinsa da tsarin hotunansa daga baya. Sharaɗin shi ne kwafin ya tsaya a littafin koyo, kada ya shiga kundin da kike neman aiki da shi, kuma kada ki sha daga rijiya ɗaya. Wanda yake kallon mai zane ɗaya kullum zai zama inuwarsa. Ki kalli saƙa da gine-gine da tsofaffin taswirori da hotunan tsirrai na littattafan kimiyya. Salon da kike damuwa ba ki samu ba tukuna zai taru da kansa daga abin da hannunki yake maimaitawa da abin da yake gudu.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bazu a 2022, ƙananan ayyuka masu araha da sababbi suke farawa da su sun ragu a gabana. Sai dai ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a 2023 cewa hoton da na'ura ce kawai ta samar ba shi da kariyar haƙƙi, kuma wannan yana sa masu wallafa taka-tsantsan. Yanzu ina sa sharaɗi a takarduna cewa ba za a ciyar da irin waɗannan manhajoji da zanena ba sai da izinina.

Game da ajiye aikinki, kada ki saki reshe ki kama ganye. Ki yi zanen da yamma da ranakun hutu har sai abin da yake kawowa ya ɗauki ɗawainiyarki watanni a jere, daga masu aiki fiye da ɗaya, kuma kina da ajiyar da za ta riƙe ki aƙalla wata shida idan komai ya tsaya. Kafin nan ki duba takardar ɗaukarki aiki, domin wasu ma'aikatu suna hana aikin gefe, wasu ma suna da'awar mallakar abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kayansu ko a lokacinsu. Idan kin haɗa zane biyar na yaro ɗaya a yanayi daban-daban, ki sa su a nan mu duba miki.