Ƴata tana haki a filin gudu, an ce lalaci ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƴata mai shekara 15 tana cikin masu wasan gudu a makarantarsu. Wata uku ke nan, da zarar atisaye ya yi zafi sai numfashi ya sarƙe mata, ta dawo gida a galabaice. An saurari ƙirjinta an ce lafiya ƙalau, mai horar da su kuwa ya ce lalaci ne. Me ke damunta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yarinyar da ta saba gudu ba ta wayi gari haka kawai ta zama malalaciya ba, kuma sauraren ƙirji tana zaune a huce ba ya nuna abin da ke faruwa a fili.

Ki lura da lokacin da abin yake zuwa, domin nan ne bakin zaren. Idan tari da ƙuncin ƙirji sun fi tsananta minti 5 zuwa 15 bayan ta tsaya, ƙirjinta yana ƙara kamar fito yayin fitar da numfashi, to alamar asma ce irin wadda motsa jiki ke tayarwa, kuma maganin shaƙa kafin atisaye yakan taimaka. Idan kuwa a tsakiyar gudu ne take jin an shaƙe mata maƙogwaro, ƙarar tana fitowa yayin jan iska, sannan ta ware jim kaɗan bayan ta tsaya, to ƙofar maƙogwaron ce ke tsukewa. Wannan ya fi yawa ga ƴanmata, ana yawan ɗaukarsa asma, alhali koyon dabarun numfashi ne maganinsa. Bidiyon waya a lokacin da abin ya taso zai taimaka wa likita ƙwarai.

Gajiyar da kika ambata ce ta fi ɗaukar hankalina. Jinin al'ada yana rage sinadarin ƙarfe a jiki, ƙarancinsa kuwa yakan kawo gajiya, saboda haka a auna jininta, a kuma auna ajiyar sinadarin, wato feritin, domin yakan yi ƙasa tun kafin ƙarancin jini ya bayyana.

Amma idan ta taɓa suma tana cikin gudu, ko tana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginku, ta dakatar da atisaye har sai likitan zuciya ya duba ta.