Tambayoyinku kan Fasaha: Me Ya Sa 5 da 3 Suka Zama 53?

Tambaya: Na iya HTML da ɗan CSS. Ina so shafina ya riƙa amsawa idan an danna maɓalli. Java zan koya ko JavaScript?

Amsa: JavaScript, ɗan'uwa. Duka biyun harsunan rubuta kod ne, amma suna kawai ya haɗa su. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, aka fara kiransa Mocha, sannan LiveScript, daga baya aka laƙaba masa "Java" saboda lokacin Java ke tashe. Kowace burauza ta san shi, ba sai ka sauke komai ba.

Tambaya: An ce mini PHP ya mutu.

Amsa: Yana nan da ransa, da wannan harshen kod ɗin aka gina WordPress, manhajar haɗa shafukan intanet. PHP a kan saba yake aiki, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, JavaScript kuma a burauzar mai ziyara, ko da yake tun 2009 wata manhaja mai suna Node.js ta kai JavaScript saba shi ma.

Tambaya: Na kwafo kod daga intanet don haɗa lambobi biyu. Na sa 5 da 3, ya ba ni 53. Abokina ya ce in koma React.

Amsa: Malam, kai da abokinka ku zo ku zauna. React ɗin, kayan aikin gina shafuka da Facebook ya fitar a 2013, ai da JavaScript aka rubuta shi. Ka koma can, 53 ɗinka na jiranka a bakin ƙofa.

Duk abin da mutum ya shigar a akwatin fom, JavaScript rubutu yake ɗaukarsa, ko da lamba ce. Alamar + kuwa aiki biyu gare ta: lambobi ta tara su, rubutu ta jona shi. Ka ba ta "5" da "3", ta jona maka. Ka rubuta Number("5") + Number("3") ka ga 8. Da debewa ka yi, "5" - "3" zai ba ka 2 lafiya lau, shi ya sa wannan kuskure ke daɗewa a ɓoye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwafe-liƙa. Layi goma ka ɗauko, ba ka san aikin ko ɗaya ba, ranar da ya lalace ina za ka kama? Yau lissafi ne ya karkace. Gobe kod ɗin da ka liƙa ido rufe na iya buɗe wa ɓarayi bayanan masu shiga shafinka, mutanen da suka amince da kai.

Ka danna F12 a burauza, ka buɗe Console, wurin gwada kod, ka rubuta kowane layi da hannunka. Kafin ka zargi kwamfuta, ka tambayi typeof wane irin abu ke hannunka. Wurin sa wa abu suna a kod, ka riƙe let da const da suka zo a 2015, ka bar var. Wurin kwatantawa kuma === nake so in gani, domin == zai ce maka "5" da 5 abu ɗaya ne. Ka yi wata biyu a haka, sannan ka aiko mu yi maganar React.